Batir Huɗu Da Kwana 11

Ranar da jirgin ɗana ya faɗi, maganar da ta fara fita daga bakina ita ce, "Ai dama na faɗa maka ka cika rawar kai." Ko tarkacen ba mu kai ga tsincewa ba. Yaron ya juyo ya dube ni, rimot na rataye a wuyansa, ya ce, "Wallahi Baba na ja, shi ne bai amsa ba." Na ce masa haka kowane direba yake faɗa idan ya jefa mota a rami.

A Zariya na tashi, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa tun 1964. Muna yara, da mun ji su sai mu bar abin da muke yi mu ɗaga kai. In an yi girbi mu samo karan dawa, mu ɓare bayansa mu sossoke a ɓargon, mu haɗa jirgi har da farfela. Ni a jirgin kara na tsaya, na zama malamin makaranta. Babban ɗana kuwa bai tsaya nan ba. Yana da shekara 13 ya maƙale wa wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi shekaru yana gyaran jirage kafin ya yi ritaya, kowa Injiniya yake ce masa. A garejinsa akwai ragowar katakon balsa, mai sauƙi kamar ɓargon kara, da wani tsohon inji ɗan mitsitsi mai cc 6.5 da ya ajiye tun yana saurayi. Man injin ma da kansa yake haɗawa, kashi 80 metanol, kashi 20 man zurma.

Wata 7 suka yi suna gina jirgin. Faɗin fukafukansa mita ɗaya da rabi, nauyinsa wajen kilo biyu da rabi. Injin aro ne, amma rimot da sauran kayan cikin yaron ne ya saya da kuɗinsa: barka da sallar da ya tara ta salla biyu, da tantabarunsa da ya kwashe gaba ɗaya ya sayar a kasuwa. Uwarsa ta ce a ranar ya dawo bai ci tuwon dare ba, amma bai yi kuka ba.

Bari in yi wa mai karatu bayani kaɗan, domin ni ma sai daga baya na gane. A cikin jirgin akwai wata 'yar na'ura da ake kira risiba, ita ke karɓar umarni daga rimot ɗin da ke hannun matuƙi. Ita kuma sai ta miƙa umarnin ga wasu ƙananan injina da ake kira sarbo, su ne ke motsa bakin fukafukai da jela, su ne kuma ke ƙara wa inji wuta ko su rage. Namu guda 4 ne. Jiragen da ke tashi da lantarki galibi daga babban batirinsu suke ɗibar wa risiba wuta. Amma mai amfani da mai ba shi da wani babban batir, dole a tanadar wa risiba da sarbo nasu na daban. Idan wannan ɗan batirin ya ɗauke, injin zai ci gaba da ruri abinsa, sai dai babu mai iya juya jirgin ko ya kashe shi. Ya zama doki mai gudu ba linzami.

Duk lokacin koyo da wani tsohon batirin Injiniya aka yi, irin na da, NiCd. Da yaron ya ƙware har yana tashi yana sauka shi kaɗai, sai tafiya ta kama Injiniya zuwa Abuja wajen 'yarsa. Kafin ya tafi ya cire batirin nasa, ya feɗe robar baƙar wayar ya nuna mana yadda tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin tana marmashewa. Ya ce wannan cuta ce ta tsofaffin batiran NiCd, kuma wannan ya gama aiki. Ya rubuta mana a takarda irin wanda za mu saya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Yaron ya ƙirgo ragowar kuɗinsa ya ba ni, saboda a makon nan zan shiga Kano.

Na shiga Kano da takardar a aljihu. Shago biyu na tambaya ba su da shi, na uku ya ce sai dai a yo oda, kuma ya faɗi kuɗin da ya sa na yi shiru. Ina fitowa sai ga wani mai tebur da batira masu caji, girman na rediyo, a kwali mai ƙyalli, an rubuta 4800mAh da manyan baƙaƙe. A takardar Injiniya 2000mAh aka rubuta. Na ce a raina ai wannan ya ninka nasa har da ɗori, ga shi kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Na sayi guda 4, na haɗa da 'yar baƙar robar nan mai sifirin da ake jera batir a ciki, irin ta motar wasan yara. Ragowar kuɗin na sha mai da su a Kwanar Dangora, da niyyar in an yi albashi in mayar masa. Wannan ɓangaren shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa.

Yaron ya juya kwalin ya ce, "Baba, Injiniya ya ce wanda aka yi wa walda." Na ce masa batir batir ne, kuma tun kafin a haife shi nake sa batir a rediyo.

Ranar Asabar da sassafe muka fita, kafin iskar hunturu ta taso. Akwai wani filin ƙwallo na ƙauye can gaba da Shika, nesa da filin jirgi, inda muka saba zuwa. Tashin farko lafiya lau, minti 5 ya sauko. A na biyu, ya ba shi wuta ya hau sama, ya kwanto shi zai juyo, sai jirgin ya ƙi miƙewa. Haka ya ci gaba da kwanciya, hanci ya kalli ƙasa, inji na ruri, ya zo ya caki gonar da aka girbe. Tsakaninsa da wani yaro makiyayi da ke tsaye da sandarsa bai fi taki 15 ba. Shanu suka watse. Na bi iyayen yaron har ruga na ba su haƙuri, suka karɓa da mutunci fiye da yadda na cancanta. Har yau idan na tuna farfelar nan da wuyan yaron nan sai in ji cikina ya juya.

Wajen tsince tarkace ne na ga robar batirin. Ɗaya daga cikin huɗun ya fice daga mazauninsa. Na ce wa kaina ai buguwar ƙasa ce ta fitar da shi, kuma mai yiwuwa hakan ne. Amma ban nuna wa yaron ba. Na tattara su na zuba a aljihun riga.

Kwana 11 na yi ban ce komai ba. A cikin kwanakin nan yaron ya tura kwalin tarkacen ƙarƙashin gado, ya daina bi ta layin su Injiniya ko da an aike shi. Da ƙannensa suka tsokane shi da "direban rami", kalmar da suka ji a bakina, bai ko ɗaga kai ba. Wani dare na ji shi yana gaya wa uwarsa cewa wataƙila hannunsa ne ya yi rawa bai sani ba. Yaron da ya rantse mini da Allah a fili, ga shi ya fara ƙaryata kansa saboda ubansa ya ce. Na ji, na gyara kwanciya.

Uwargida ce ta tsinci batiran za ta yi wanki. Ta same ni ina shan shayi, ta jera su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Malam, waɗannan na rediyo ne ko na jirgi?" Na ce na jirgi ne. Ta ce, "To me suke yi a aljihunka?" Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ɗauki bokitinta ta fita.

Washegari Injiniya ya dawo, na je ni kaɗai bayan la'asar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki batir ɗaya ya jinjina a tafin hannu, ya ɗora a ɗan sikelinsa: giram 14. Ya ce batirin NiMH na gaskiya mai wannan girman yana kai giram 26 zuwa 30, kuma ko kamfanonin da suka fi kowa iyawa ba su wuce 2,500 zuwa 2,800mAh a cikinsa ba. Duk wanda ya rubuta 4800 ya san masu ganin kitse ga rogo yake nema. Ya yi musu caji ya jona mita, ta nuna bolt 5.4. Na ce, "To ai ga shi da wuta." Ya ce in dakata. Risibar ba ta lalace ba, sarbo 3 ma sun tsira, sai ya jona su duka, ya sa ni in riƙe hannun sarbo ɗaya da yatsa kamar yadda iska ke danne fiffike a sama, shi kuma ya motsa sandunan rimot gaba ɗaya. A gabana lambar ta gangaro ƙasa da 3.5, 'yar fitilar risiba ta mutu, ta ɗan jima, ta sake kamawa.

Ya ce risibar zamani, mai aiki a kan 2.4GHz, 'yar kwamfuta ce. Idan wuta ta yi mata ƙasa sosai sai ta mutu ta sake tashi, ta sake neman rimot. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka daƙiƙa biyu sun isa. Ya kuma ce ko an saita risiba ta rage wutar inji idan ta rasa rimot, wannan dabarar ba ta aiki in batirin ne ya ɗauke, domin sarbon da zai rage wutar shi ma da batirin yake motsi.

Abin da ya fi zauna mini shi ne misalin da ya yi da rumbu. Lambar mAh, in ji shi, yawan hatsin da ke cikin rumbu ne. Amma ranar biki ba yawan hatsi kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin ƙofar da za a ɗebo shi. Sarbo ba ya cin wuta a hankali kamar rediyo. Yana zaune shiru, sai ya zabura ya nemi kusan amfiya guda a lokaci ɗaya, in huɗu suka zabura tare kuwa sai batir mai ƙaramar ƙofa ya durƙusa ko da cike yake. Shi ya sa ma ko a cikin na gaskiya ba ya son masu 2,500 zuwa sama a jirgi, domin garin cusa musu hatsi an matse ƙofar, kuma sun fi saurin zubar da caji in an ajiye su. Robar sifirin kuwa ɗaga ta kawai ya yi ya girgiza kusa da kunnena. Injin da ke juyawa sau dubbai a minti yana karkaɗa komai na jikin jirgi, sifirin na ɗagawa yana komawa. Batirin jirgi dole a haɗe shi da walda, a naɗe da roba ya zama dunƙule ɗaya.

Da ya sauke cajin nawa har ƙasa da cajarsa mai ƙirga abin da ya fita, 410mAh aka samu.

Na ce, "Injiniya, ko za ka yi wa yaron bayani?" Ya cire tabarau ya ce, "Bayanin batir zan yi masa. Ɗayan bayanin naka ne."

Bayan sallar isha'i na kira shi ɗakina. Ban iya tsara magana ba duk da shekarun da na yi a gaban allo. Na ce masa ba hannunsa ba ne, batirin da na saya ne, kuma na zargi hakan tun a fili na yi shiru, kuma ragowar kuɗinsa na sha mai da su. Na ce ya yafe mini. A gidan da na tashi uba ba ya faɗin wannan kalmar ga ɗa, iyaka ya sayo maka sabuwar riga ka gane da kanka. Yaron ya daɗe yana kallon tabarma. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ashe da gaske na ja." Sai kuma ya ce, "Ba komai Baba," da irin muryar da ke nuna akwai komai, amma za a wuce.

Gyaran jirgin ya ci wata 3, katako da gam duk daga albashina. Zaɓen sabon batir kuwa zama guda muka yi masa a garejin Injiniya, mu uku, kuma tun farko na ce ni mai biya ne kawai.

LiPo aka fara cirewa, duk da shi ne ya fi sauƙin samu yanzu saboda masu ƙananan jirage marasa matuƙi. Mai ɗaki biyu bolt 7.4 ne, in ya cika 8.4, sarbonmu kuwa an rubuta musu 4.8 zuwa 6. Sai an ƙara wata na'ura mai rage wuta a tsakani, wato an ƙara abin da zai iya lalacewa. Ga shi in ya huje ko aka yi masa cajin ganganci yana kamawa da wuta. Uwargida ta riga ta ce ba a ɗakin yaranta ba.

Mai ƙwaya 4 na NiMH, bolt 4.8, shi Injiniya ya rubuta mana da farko, kuma ya ce shekara da shekaru da irinsa aka yi ta tashi lafiya. Amma bayan abin da ya gani a mita ya sauya ra'ayi. Tsakanin 4.8 da inda risiba ke mutuwa ratar ba ta da yawa. In aka ƙara ƙwaya ɗaya ya zama bolt 6, an samu wurin numfashi, sarbo sun ƙara ƙarfi da sauri, kuma ko ƙwaya ɗaya ta lalace ta daina ba da nata, sau da yawa sauran huɗun za su kawo jirgi gida. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, in ji shi, shi ne ƙarin ƙwayar ba ya ƙara daɗewa, ragewa ma yake ɗan yi, domin sarbo sun fi zuƙar wuta a bolt 6.

Gardamar gaske a kan LiFe aka yi. Yaron ya yi karatunsa a intanet da wayar uwarsa, ya zo da hujjoji. Ɗaki biyu ne, bolt 6.6, ya fi sauƙin nauyi, yana riƙe caji wata da watanni, ba ya saurin kamawa da wuta kamar LiPo, kuma a cikin awa guda za a cika shi daga batirin mota, abin da ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ba su san yaushe za a kawo wuta ba. Injiniya ya ce 6.6 ya yi wa sarbonmu yawa. Yaron ya ce, "Baba Injiniya, ai mai ƙwaya biyar ɗin ma in an sauke shi daga caji yana kai bolt 7." Dattijon ya yi shiru, ya yi dariya, ya ce gaskiya ne, an kama shi. Ni dai ina gefe ina jin wani abu mai kama da alfahari da kunya a haɗe.

Sai Injiniya ya faɗi aibinsa guda biyu. Na farko, dole a saita caja a kan LiFe, bolt 3.6 kowane ɗaki, in aka manta aka bar ta a kan LiPo an cuci batirin. Na biyu, ƙarfinsa ba ya sauka a hankali. Mita za ta yi ta nuna kusan lamba ɗaya tun yana cike har ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda. Mai amfani da shi sai dai ya riƙa lissafin abin da kowane tashi ke ci. NiMH kuwa, in ka auna shi da kaya a kansa, yana nuna alamar gajiya tun da sauran dama.

Na ɗauka LiFe zai zaɓa, tunda ya ci gardama. Sai ya ɗauko jirgin ya ɗora fukafukan a kan yatsunsa biyu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga bakin gaba, jela ta rinjaya ƙasa. Gyaran da aka yi ya ƙara wa bayan nauyi. Ya ce in ya sa batir marar nauyi sai ya ƙara dalma a hanci, gara nauyin ya zama mai amfani. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kuma na fi son wanda in ya gaji zai faɗa."

Mai ƙwaya 5 muka yi oda, 2000mAh, irin Eneloop da kamfanin Sanyo ya fito da su a 2005, yanzu kuma Panasonic ke yi, waɗanda ba sa saurin zubar da caji a ajiye. Su ma akwai jabunsu, don haka da ya iso sai da ya hau sikeli, ya kuma bi ta cajar Injiniya aka ƙirga abin da ke cikinsa kafin a yarda da shi. Cajin farko a hankali aka yi, 200mA na awa 15, a kan solar Injiniya, tunda wutar unguwarmu ba ta taɓa yin awa 15 a jere ba. An sauya makunnin ma da sabo mai kaurin waya, domin batir mai kyau ta cikin ruɓaɓɓen makunni aikin banza ne. Aka sa shi a leda saboda mai, aka naɗe da soso, aka cusa shi gaba kusa da tanki yadda ba zai motsa ba. Injiniya ya ƙara da gargaɗin kada a bar shi a but ɗin mota a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke neman digiri 40.

Yanzu ina da aiki a filin. Kafin kowane tashi ni ke jona mita mai ɗan ƙwan fitila a jiki domin ta ja wuta, in karanta lambar da ƙarfi, yaron ya rubuta a littafinsa. In ta kusa 6.0 an tashi daga wasa. Mun gano tashi 3 na minti 10 suna cin wajen 260mAh, wato akwai rara mai yawa, amma duk da haka ba ya wuce tashi 5 a rana. Rimot kuwa har yau bai ba ni na riƙe ba, ni ma ban tambaya ba. Kuɗinsa na mayar masa a wata biyu, ya sayi tantabaru guda 4 da wani ɓangare.

Batiran nan huɗu masu 4800 suna nan. Uwargida ta ce ba za a yi asara biyu ba, ta sa ɗaya a agogon bangon falo. Bai rufa wata biyu ba ya tsaya a ƙarfe uku da kwata.